Ganyen dawa ya karce maigidana a ido, yanzu fari ya fito

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Maigidana yana yankan dawa sai ganye ya karce shi a idon dama. Mun sayo maganin ɗigawa a kemis, jan ya ragu, daga baya ciwon ya dawo ya fi na da. Yau kwana takwas ke nan, wani farin ɗigo ya fito a kan baƙin idon, hawaye ba ya tsayawa, kuma ba ya iya kallon haske. Wasu sun ce yana ce, a bari ta nuna. Wasu sun ce a ɗiga masa nonon mai shayarwa. Mene ne abin yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah Ya ba shi lafiya. A kai shi asibitin ido yau ɗin nan, kada a kwana, kuma a tafi da kwalbar maganin da kuka saya.

Wannan ba yana ba ce. Yana can cikin ido take, a hankali take zuwa cikin watanni ko shekaru, ba ta ciwo, ba ta sa ja. Abin da kika bayyana ya fi kama da gyambo a kan fatar nan mai garai-garai da ta rufe baƙin ido kamar gilashin agogo. Kaurinta bai wuce kusan rabin milimita ba, kuma babu jijiyar jini a cikinta, shi ya sa haske ke ratsa ta, shi ya sa kuma idan ƙwayar cuta ta shige ta, jiki ba ya saurin kai mata ɗauki. Karcewa zalla takan warke cikin kwana ɗaya zuwa uku. Wadda ta kai mako tana ƙaruwa har da fari, ta ruɓa ke nan.

Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne ganye ne ya yi raunin. Kara da ƙaiƙayi da ganyen hatsi suna ɗauke da ƙwayoyin fumfuna, musamman Fusarium da Aspergillus, kuma lokacin kaka, daga girbi zuwa sussuka da shiƙa, aka fi samun irin wannan. Maganin kashe bakteriya ba ya taɓa su. Ki duba jikin kwalbar nan: in kin ga dexamethasone, betamethasone ko prednisolone, to a daina ɗigawa nan take. Irin wannan magani yana kwantar da ja da zafi, mutum ya ɗauka ya samu sauƙi, alhali garkuwar idon ya danne, fumfunar tana ta cin nama a ƙarƙashi. Ni a ganina, sayar da shi ba tare da takardar likita ba yana cikin manyan abubuwan da ke lalata idon manoma.

Nono, ruwan sukari, ruwan albasa, fitsari, tozali, duk a bar su. Kada kuma a ɗaure idon da ƙyalle, ɗumi da laima ƙwayoyin suke so.

A asibiti za a sa masa wani rini ruwan ɗorawa, a haska shuɗiyar fitila, sai wurin da ya ci ya fito kore shar, a auna girmansa. Akan kankare ɗan kaɗan daga bakin gyambon, bayan an kashe zafin wurin, a duba a na'ura. In fumfuna ce, maganin da aka fi farawa da shi natamycin ne mai kashi 5 cikin 100, ana ɗigawa duk awa ɗaya a kwanakin farko, har da dare, sannan a riƙa ragewa, kuma yakan ɗauki makonni. In bakteriya ce, ciprofloxacin ko moxifloxacin. Sau da yawa ana haɗawa da atropine don rage zugi. Zai buɗe ƙwayar idon, gani ya ƙara dishewa na ɗan lokaci, kada hakan ya firgita ku. Aikin dare dai naki ne, Malama, ki sa ƙararrawa a waya, domin tsallake ɗigon dare yana mayar da hannun agogo baya.

In babu likitan ido kusa da ku, a nemi takardar turawa zuwa Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ko asibitin ido na ECWA a Kano, ko sashen ido na asibitin koyarwa mafi kusa. Ga alamun da ke nuna ciwon ya tsananta: ganin farin ruwa kwance a ƙasan baƙin idon mugunya ce ta taru a ciki. Ciwo ya ɗauke kwatsam tare da zubar ruwa kuwa yana iya nufin idon ya huje.

Ko ya warke, yawanci yakan bar hakiya. In a gefe take, gani ba ya raguwa sosai. In ta zauna tsakiya tana da kauri, sai dai dashen sabuwar fata daga wanda ya rasu ya bayar da gudummawa, kuma samun ta a ƙasar nan yana da wuya da tsada. Idon hagu yanzu ya ƙara daraja, don haka ya nemi tabarau mai rufe gefe kafin ya koma gona.