Kada ka ɗaure wa kwikwiyo baki

Kai yaro, ka tambaye ni yadda za ka yi da kwikwiyon da za a kawo mana rigakafi, wai ko ka ɗaure masa baki tun daga ƙofa don kada ya yi ta ihu ya tara mana jama'a. Da wata tambayar ce ka yi da sai in ce ka je ka wanke kayan aiki. Amma maganar ɗaure bakin nan ta fama mini wani tsohon miki, saboda haka ajiye wayar nan ka saurara.

Kada ka ɗaure. Ɗan sati 7 mai haƙoran nono, wa zai cinye? Daga sati 3 zuwa wajen sati 12 ko 14 ne kan kwikwiyo yake a buɗe, abin da ya gani a tsakanin nan shi zai riƙe har tsufansa. Kuma daidai lokacin ne ake kawo mana shi, domin allurar farko tana faɗawa tsakanin sati 6 da 8. In ranar ya samu nama da hannu mai taushi, ka samu karen da za ka iya dubawa shekara goma. In ya samu gwiwa a wuya, to kai da shi sai dai kallo daga nesa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Yadda ake haɗa garin maganin da ruwansa, da inda ake ɗaga fata a soka, ba zan ɓata yawuna a kai ba. Wanda ya zauna a ɗakin nan ya kasa koyon wannan da ido, gara ya koma kasuwar Dole ta nan Damagaram ya nemi wata sana'a.

Akwai wani alhaji mai sito a wajen Zango, ba zan kama sunansa ba, shi da Allah. Ya sayo ƴan kwikwiyo uku daga Kano, irin karnukan Jamus, don su tsare masa kaya. Da direbansa ya kawo su, ban taɓa allura ba sai da na shimfiɗa buhu na zauna a ƙasa tare da su. Na gutsura musu dafaffiyar hanta, suna ci ina ɗaga kunne, ina buɗe baki in duba dasashi, ina matsa tafin ƙafa. Akwai wata tamata a cikinsu mai baƙin baya, ban taɓa ganin kwikwiyo mai kai kamarta ba. Ta gama shinshina takalmina ta ɗora haɓa a kan ƙafata ta yi barci. Lokacin da na yi mata allurar tana lasar hanta a tafin yarona, ko waiwayowa ba ta yi ba.

Maganin nan daga Yamai na sa aka aiko mini, cikin kula da ƙanƙara, tafiyar kilomita kusan 900 a mota, ni da kaina na je tasha na tsaya jiransa don kada ya kwana a rana. Na sayi na zagaye uku gaba ɗaya, har da na haukan kare, da kuɗin aljihuna, domin alhaji ya ce a rubuta, ƙarshen wata zai aiko. Mutum mai sito da manyan motoci, mai sahun gaba a masallaci, wa zai ce masa sai ya ajiye kuɗi? Na gaya wa direban da bakina: a dawo da su bayan sati 3, kada a wuce 4, kuma kada su taka waje.

Shiru. Na aika, aka ce alhaji ya yi tafiya. Na sake aikawa, aka ce yana barci.

Ashe wani ne ya bi ta ƙofar gidan, irin masu yawo a kan babur da jakar magani suna yi wa awaki da shanu allura, ya ce zai yi a rubu'in kuɗina. Mai gadin ne ya ba ni labarin daga baya, yana faɗa yana girgiza kai. Mutumin nan ya yanko robar taya ya naɗe musu baki, ya danne kowanne da gwiwa a kan siminti, ya soka musu allurar shanu. Suka yi fitsari, suka yi kashi, ita tamatar ta shige ƙarƙashin mota ta wuni ba ta fito ba. Ga kuma abin da ya zuba musu: maganin rigakafi yana son sanyi tsakanin digiri 2 da 8, shi kuwa nasa yana cikin jaka a bayan babur a watan Afrilu, a Damagaram, inda rana ke haura 40. Ruwan banza ya ɗura musu. Kuma allura ɗaya da na yi ba ta isa ba, domin kariyar da kwikwiyo ke samu daga nonon uwa tana iya danne allurar farko, shi ya sa ake maimaitawa har ya kai sati 16.

Wani dare aka buga mini ƙofa. Biyu daga ciki amai da gudawar jini, farbo ce, cutar hanji mai yaɗuwa tsakanin karnuka, tun daga warin na gane, warin da in ka ji sau ɗaya ba ka mantawa. Na kwana ina ƙarin ruwa da tocila a baki. Ɗaya ya tafi kafin kiran assalatu, ɗayan ya ja kwanaki shi ma ya bi. Tamatar ta tsira, amma da ta ji ƙanshin maganin goge fata a hannuna sai ta maƙure a lungu, ido ya yi fari, tana gurnani. Ita ce fa wadda ta yi barci a kan ƙafata.

Ka san abin da alhaji ya yi? Ya zauna a majalisa ya ce allurata ta farko ce ta kashe masa karnuka. Jika 85, wato sefa dubu 85, nake binsa, har yau ko dala bai ba ni ba. Mutanen da ke kawo mini karnukansu shekara da shekaru suka janye, wasu sai da suka yi asara a wani wuri suka dawo. Kuɗin na bar wa Allah. Sunana da ya ɓata ne ban yafe ba, da kuma abin da ya biyo baya.

Karyar nan ta girma ba mai iya taɓa ta. Aka ɗaure ta da sarƙa a bayan sito, ana jefa mata abinci daga nesa. Allurar haukan kare da ake yi a wata 3 ba wanda ya yi mata, tunda ba ta kamuwa. Ran nan ta tsinke ta ciji wani almajiri da ya shigo karɓar sauran abinci, a cinya. Kafin labari ya iso mini samarin unguwa sun kashe ta da sanduna. Da an tsare ta an sa mata ido ko da kwana 10 ne, da mun san ko tana da ciwon. Tunda ba a sani ba, dole aka yi ta kai yaron asibiti ana yi masa allurai, malaminsa yana bin gida-gida neman kuɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan huɗu cikin goma yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. In alamu suka bayyana babu magani. Karen da ba ya kamuwa ba ya samun allura, kuma yaran mutane ne ke biyan kuɗin.

Ku yaran yanzu gaggawa ce ke cin ku. Kowa so yake a kira shi dokta ya ɗauki hoto da farar riga, amma ya zauna a ƙasa minti goma da dabba ya zama masa aiki. Wasunku ma na ga yadda kuke tattare riga in kare ya matso, kuna yatsine fuska. Kare yana karanta wannan kafin ka buɗe baki. Mu nan ƴan Malikiyya ne, je ka tambayi malaminka hukuncin kare mai rai, ka tambaye shi kuma hadisin mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa Allah ya gafarta masa. In ka gama aiki ga ruwa ga sabulu.

Ka gaya wa mai kwikwiyon da za a kawo ya zo da sassafe kafin rana ta yi zafi, kuma ban da Alhamis, ranar kasuwa ɗakin nan cike yake da raguna da ihu. Ya sa shi a kwando ko kwali mai huji da tsumman da yake kwana a kai. In na ga an kawo shi a ɗaure cikin buhu a bayan kabu-kabu, ni da kai ne. Kada a cika masa ciki kafin ya zo, don hantar ta yi masa daraja, kuma hantar a dafa ta zalla. Kada ka ce za ka ba shi kilishi, yaji da albasa ba abincin kare ba ne, albasa ma jininsa take lalatawa.

Ƙasan ƙofarmu kada ya taka ta. Farbo tana yin watanni a ƙasa ba ta mutu ba, kuma karnuka marasa lafiya nan suke tsayawa. Wanke teburin da ruwan jabel, wato bilic, ka bari ya bushe, ka shimfiɗa buhu mai tsabta, domin ƙarfe yana santsi kuma kwikwiyon da ƙafarsa ke zamewa ya riga ya tsorata. Kada ka rufo shi ta sama, zauna gefe ka bar shi ya zo. In ka ga yana hamma ba barci ba, yana lasar hanci, ya cusa wutsiya, janye hannu ka jira. Ma'aunin zafi shi ne ƙarshe, shi suka fi ƙi. In ya haura 39 da rabi, ko yana zawo, ba allura ranar. In kuma tsoro ya hana shi cin hantar gaba ɗaya, ba shi maganin tsutsa kawai su tafi su dawo jibi, ba abin da zai lalace. Sabuwar allura siririya, kowane kwikwiyo da tasa.

Ka ce wa mai kwikwiyon tsakanin allura da allura ya riƙa biyowa da shi haka kawai, mu ɗora shi a sikeli, ya ci nama, su wuce. Wannan kyauta nake yi. Ranar dawowa kuwa ka rubuta a katin, ka rubuta a littafinmu, ka karɓi lambar wanda ke ba karen abinci, ba ta maigidan kaɗai ba. Sannan kuɗin zagaye uku da na haukan kare ka karɓe su a hannu kafin ka buɗe kula, ko da rawani ya zo. In ya yi gardama turo mini shi.