Amsa ga yarona kan saƙonnin imel na damfara

Yarona, ka tambaye ni yadda za ka gane saƙon imel na 'yan damfara idan mai kwamfuta ya nuna maka shi, tunda yana zuwa da tambarin kamfani sak irin na gaskiya. Kada ka dogara da kamanni ko kaɗan, domin tambari da launi da salon magana kowa yana iya kwafarsu, kuma kurakuran rubutu da a da suke tona asirin waɗannan mutane sun ragu ƙwarai.

Sunan da ke bayyana a saman saƙo mai aikowa ne ya zaɓa wa kansa, saboda haka ka buɗe cikakken adireshin ka duba abin da ya biyo bayan alamar @. Daga nan ka ɗora linzamin kwamfuta a kan mahaɗin da ke cikin saƙon, wato rubutun da ake latsawa a shiga wani shafi, ba tare da ka latsa ba, ko ka danne shi ka riƙe idan a waya ne, har ainihin inda zai kai ka ya fito. A nan yara da yawa suke faɗuwa, domin suna karantawa daga hagu su tsaya da zarar sun ga sunan da suka sani. Mai shafin shi ne sunan da ke ƙarshe, dab da karkataccen layi (/) na farko bayan https://, don haka google.com.misali.net ba na Google ba ne. Ka lura da "rn" a gurbin "m", da lamba 1 a gurbin harafin "l". Ɗan kwaɗon da wasu burauza, wato manhajojin buɗe shafukan intanet, ke nunawa kusa da adireshin kuwa yana nufin an rufe hanyar da bayanai ke bi ne kawai, bai shaidi amanar mai shafin ba.

Ko ka ƙware a duk wannan, wata rana idonka zai gaji, shi ya sa na fi son ka koya wa mutane ɗabi'a guda: duk saƙon da ya nemi kalmar sirri, ko kuɗi, ko a buɗe fayil cikin gaggawa, a rufe shi, a shiga shafin kamfanin ta adireshin da aka rubuta da hannu, ko a kira lambar da aka sani tun da can. Manya ma sun faɗa irin wannan tarko: a watan Maris na 2016, saƙon bogi da sunan Google ne ya sa aka shiga imel ɗin John Podesta, shugaban yaƙin neman zaɓen Hillary Clinton a Amurka. Tsakanin 2013 da 2015 kuma, wani ɗan Lituwaniya, Evaldas Rimasauskas, ya karɓe sama da dala miliyan 100 daga Google da Facebook ta hanyar aika musu takardun neman biya na ƙarya da sunan kamfanin Quanta na Taiwan.

Idan aka zo maka bayan an riga an latsa, kada ka kunyata mutum, domin wanda aka kunyata ɓoyewa zai yi nan gaba. Ka sauya kalmar sirri daga wata na'ura mai tsabta, har da duk asusun da ke amfani da irinta, ka fitar da na'urorin da ba a sani ba, ka kunna tantancewa mai mataki biyu, wato neman wata lamba da ake turo wa mai asusun bayan kalmar sirri, ka gargaɗe shi kada ya ba kowa lambar da ake turo masa. Idan bayanan kati ya shigar, ya kira bankinsa nan take. Kada kuma ka sallame shi sai ka duba saitunan imel ɗin, domin ɓarayin sukan bar umarnin tura kwafin kowane saƙo zuwa adireshinsu, kuma sauya kalmar sirri ba ya goge wannan umarni.