Amsa ga mai tambaya kan Joshua Chamberlain

Ɗan'uwa, ka ce malaminka ya dawo maka da aikinka kan Joshua Chamberlain, hafsan sojan nan na yaƙin basasar Amurka, wai duk yaƙi ne babu mulki, ka rasa inda za ka kama. Wallahi ciwonmu ɗaya, ni ma a kan mutumin nan na rubuta.

Nawa malamin ko babi na biyu bai buɗe ba. A gaban 'yan aji ya ɗaga takardun yana kaɗawa, wai tatsuniyar soja na kawo masa, aji ya kwashe da dariya. Kuɗin bugun ma rance na yi. Na bi shi ofis, ya bar ni a tsaye yana ta waya har aka kira la'asar, sannan ya ce in dawo wani mako. Ban ce Allah ya isa ba, amma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Kai dai kada ka bari yaƙin Gettysburg ya cinye maka shafuka. Abin da Chamberlain ya yi a tudun Little Round Top a wannan yaƙin, ran 2 ga Yuli 1863, shafi biyu sun ishe shi. Ka zauna kan zamansa gwamnan jihar Maine daga 1867 zuwa 1871. A lokacin wa'adin shekara ɗaya ne, sau huɗu kenan ana zaɓensa a jam'iyyar Republican. Ya goyi bayan hukuncin kisa, ya ƙi yarda da 'yan sanda na musamman kan dokar hana giya, ya ɓata da mutane da dama. Nan ne naman yake.

Kuma don Allah ka sa rikicin Janairun 1880, da aka yi jayayya kan zaɓe, mutane suka taru da makamai a Augusta, babban birnin jihar. Ya riga ya sauka daga gwamna, amma shi ke riƙe da dakarun jiha, ya tsare majalisa kwana 12 har kotu ta yanke hukunci, kowane ɓangare na zaginsa.

Raunin da ya samu a yaƙin Petersburg na 1864 ma, harsashin da ya ratsa masa ƙugu, da shi ya yi mulkin, da shi ya shugabanci kwalejin Bowdoin, ciwon bai bar shi ba har rasuwarsa a 1914.

Af, ka ajiye kwafi a wayarka kafin ka miƙa. Nawa ma malamin cewa ya yi ya ɓata.