Amsa: Yadda zan daidaita ƙarar murya daidai a Audacity, manhajar gyaran sauti

Malam, ka ce kana haɗa karatun da ka ɗauka a masallacin unguwarku a Tudun Wada, wani wuri murya ta yi ƙasa, wani wuri ta fashe, kuma jan madannin ƙara da linzami ba ya tsayawa inda kake so. Daina ja. Danna shi sau biyu, akwati zai fito, sai ka rubuta adadin da hannunka, ko da 1.5 ne.

Amma ni na fi son Amplify, wato umarnin Audacity na ƙara ƙarfin sauti. Zaɓi gurbin da ya yi ƙasa kaɗai, ka ƙara masa desibel 3 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne), ka saurara da abin kunne, ba lasifikar kwamfuta ba. Ka sani desibel 6 ninki biyu ne na tsayin igiyar sautin, ba ƙaramin abu ba ne. Kuma duk abin da ka ƙara wa muryar malam, ka ƙara wa kukan janareta da ke bayansa.

Inda ta fashe kuwa, sai haƙuri. Da zarar sauti ya haura desibel sifili, wato iyakar ƙarfin da zai iya kaiwa, lokacin ɗauka, kansa ya yanke, ragewa ba ta dawo da shi. Idan ka gama komai, yi Normalize, wato daidaita ƙololuwar sautin, zuwa desibel -1 kafin ka fitar da MP3.