Me ya sa Prolog ke amfani da kan firosesa ɗaya kacal?

Malam, ka ce ka rubuta shirin tsara jadawalin darussa da Prolog, harshen rubuta shirin kwamfuta da ake ba ƙa'idoji shi kuma ya nemo amsa, kwamfutarka na da kawunan firosesa takwas, wato sassan da kowanne ke iya yin lissafi shi kaɗai, amma ɗaya ne ke ta fama sauran suna zaune, alhali ka karanta cewa harsunan mantiƙi irin su Prolog sun fi dacewa da raba aiki a yi shi lokaci guda. Abin da ka karanta ba ƙarya ba ne, sai dai akwai nisa tsakanin takarda da na'ura.

A ƙa'ida, wuri biyu ake iya raba aikin. Na farko, idan tambaya tana da hanyoyi da dama da za a bi, a tura kowane kai ya bi reshe ɗaya. Na biyu, idan ƙa'ida ta ce sai an cika sharaɗi kaza da kaza, a gwada sharuɗɗan tare. Masana sun daɗe a kan duka biyun. Ƙasar Japan ta ware shekara goma, daga 1982 zuwa 1992, tana aikin kwamfutoci zuriya ta biyar a cibiyar ICOT da ke Tokyo, suka ƙirƙiro harshen KL1 da injuna na musamman dominsa. Ehud Shapiro ya fito da Concurrent Prolog, Keith Clark da Steve Gregory suka yi Parlog a Landan. A ɓangaren raba rassa an yi Aurora da Muse, a ɓangaren raba sharuɗɗa kuma Manuel Hermenegildo ya yi &-Prolog, wanda daga baya ya haifi Ciao a Madrid. Duk da wannan ƙoƙari, Prolog ɗin da ni da kai muke saukewa yau ba ya raba maka aiki da kansa.

Matsalar rassa ita ce gurbi ɗaya a shirinka, misali na ranar da za a yi wani darasi, zai iya ɗaukar Litinin a wannan reshe, ya ɗauki Talata a wancan. Prolog na yau da kullum bai damu ba, domin yana cikawa, idan ya ci karo da bango ya ja da baya ya goge. Da zarar an ce a bi rassan tare, dole kowane ma'aikaci ya riƙe nasa lissafin. Aurora ta ba kowane ma'aikaci jerin da zai riƙa rubuta abin da ya cika, Muse kuwa kwafe masa tarin bayanan take yi ɗungurungum. Kowacce da kuɗinta. Idan reshen gajere ne, lokacin da za a ɓata wajen kwafewa ya fi na aikin kansa, kamar a kira gayya don a nome kunya ɗaya.

Sannan buɗe shirin naka ka ƙirga sau nawa ka sa alamar `!`, sau nawa ka kira `assert`, mai ƙara bayani a ma'ajiya, ko `write`, mai fitar da rubutu. Waɗannan duka sun dogara ne da tsarin bi daga sama zuwa ƙasa, daga hagu zuwa dama. Alamar `!` cewa take yi a watsar da rassan dama idan na hagu ya yi nasara, to yaya ke nan idan wani kai ya riga ya yi nisa a reshen dama, har ya rubuta wani abu a ma'ajiya? Dole ya jira, ko a zubar da aikinsa.

Na yi wa wata makarantar sakandare irin wannan aiki, kuma ga abin da na gani. A SWI-Prolog, ɗaya daga cikin manhajojin Prolog, akwai `first_solution`, wanda kake ba shi tambayoyi da dama, ya tura kowacce zarenta, wato layin aiki mai tafiya shi kaɗai a gefen sauran, wadda ta fara samun amsa ta ci, a tsayar da sauran. Na ɗauki darasin malamin da ya fi kowa cunkoso, na raba shi kwana biyar, kowace rana zarenta. Wani lokaci amsa ta fito nan take, domin ashe mafita na kusa a reshen Alhamis, wanda da a jere ake bi sai an gama laluben Litinin zuwa Laraba kafin a iso shi. Wani lokaci kuma fankar kwamfuta ta yi ta ƙara, kawuna biyar suna aiki, babu wanda ya fito. Bishiyar binciken jadawali ninkuwa take yi da kowane aji da ka ƙara, don haka ko kawunan nan takwas sun yi aiki ba tare da asara ba, raba lokacin gida takwas kawai za su yi.

Abin da ya fi taimaka min shi ne sake rubuta sharuɗɗan da `clpfd`, wani ɓangare na SWI-Prolog mai kula da sharuɗɗa a kan lambobi, ta yadda da zarar an sa malami a aji ɗaya ƙarfe takwas, sa'ar ta fita daga zaɓin sauran azuzuwansa tun kafin a gwada. Wajen `labeling`, matakin da ake cika gurabe, na sa `ff`, wato a fara da darasin da zaɓinsa ya fi ƙaranci. Don Allah fara da wannan kafin ka taɓa zare.

Bayan nan, idan kana da ayyukan da ba su haɗa komai ba, misali sashen firamare da na sakandare da ba su da malami ɗaya, `concurrent_maplist`, mai raba jerin ayyuka ga zare daban-daban, zai yi maka. Ka tuna dai kwafe bayanai ake yi tsakanin zare da zare, kuma abin da ka sa da `assert` kowa na ganinsa sai in ka ayyana shi da `thread_local`. Idan kuma makarantar babba ce, duba clingo, manhajar warware irin waɗannan matsaloli ta Jami'ar Potsdam a Jamus. Rubutunsa ya yi kama da Prolog, ba ruwansa da wace ƙa'ida ce ta zo farko, kuma da `-t 8` zai saki masu bincike takwas su yi tsere a kan matsala ɗaya.

Turo mana ɓangaren da ka rubuta sharaɗin kada malami ya shiga aji biyu lokaci guda. Ina kyautata zaton sai ka gama cika jadawalin kake duba shi, kuma a nan lokacinka ke tafiya.