Ku Tambayi Hajiya: In kai ɗalibaina kasuwa?

Assalamu alaikum Hajiya. Ni malama ce a wata firamare a Agege, ina koyar da 'yan aji biyar. Na so in kai su gidan tarihi na Onikan, amma kuɗin mota ya fi ƙarfin iyaye. Da na ce mu zaga unguwa da ƙafa, sai wani uba ya ce bai biya kuɗin makaranta don a kai ɗansa yawon kasuwa ba. In haƙura?
Malama, Zangon Agege

Wa alaikumus salam 'yata. Kada ki haƙura, kuma kada ki ga laifin bawan Allahn nan. Da gumi ya biya kuɗin, tsoronsa a fita a dawo hannu rabbana. Nuna masa za ki yi cewa karatu ne ya fitar da ku.

Lokacin da nake koyarwa a nan Legas, ina da wani yaro da lissafin rabawa ya gagare shi. In na rubuta a allo sai ya sunkuyar da kai har a tashi. Wata Laraba na kai su wurin wani dattijo mai goro. Muka tarar ya buɗe huhu, yana ɗaga ganye yana yayyafa ruwa, fari gefe, ja gefe, wanda sankara ta ci ya jefa a kwano. Ya gaya wa yaran ƙwarya ɗaya goro 100 ce. Na ce to an sayi ƙwarya uku ta ɗaurin aure, za a raba wa gida 12, nawa kowane gida zai samu? Yaron nan ya ɗan motsa leɓe ya ce, “Ashirin da biyar, Malama.” Da muka koma aji na rubuta 300 ÷ 12 a allo na ce ga abin da ka yi ɗazu. Har yau ina tuna yadda ya tsaya yana kallon allon.

Tarihin da kike nema a Onikan ma, wani yana bakin ƙofarki. Cinikin goro na cikin abin da ya zaunar da Hausawa a Agege, ga kuma layin dogo da ya tashi daga Legas ya isa Kano. Sa yaran su tambayi dattawan Zango yaushe kakanninsu suka zo, daga wane gari, da me suka zo. Su rubuta, su zana taswirar hanyar. Wanda mahaifinsa ke aiki a kasuwar Mile 12 ya tambayo kwana nawa tumatir ke yi a mota daga Arewa, da abin da ke sa na ƙasan kwando ya riga ruɓewa. In damina ta zo, su leƙa kwatar bakin makaranta su ƙirga ledojin fiya wata da suka toshe ta.

Sai dai fita da yara amana ce. Ki karɓi izinin shugaban makaranta da na iyaye a rubuce. Ki je tun ana gobe za ku fita ki gaida mai sana'ar da za ku ziyarta ki roƙe shi, kuma kada ku faɗa masa a lokacin da ciniki ya kankama. Ki kasa yaran biyar-biyar, kowane rukuni da babba ɗaya da tambaya ɗaya a takarda. Babban titi da layin dogo kuwa, ko kusa kada ku tsallaka. In za ku tafi ki sayi ko da goron gaisuwa ne, don lokacinsa kuka ci.

Shi kuma uban, ki same shi cikin ladabi ki tambaye shi sana'arsa. In ya yarda, rumfarsa za ku fara zuwa, ɗansa ya riƙe takardar tambayoyin.