Amsa ga mai tambayar mastas a fannin ilimi

Assalamu alaikum jama'a. Wannan amsar ƙaninmu ce da ya turo tambaya ɗazu, ya ce digirinsa na Kimiyyar Sinadarai ne, yana koyarwa a wata makarantar kuɗi a Agege da ke Legas, shin ya sayi fom ɗin mastas a fannin ilimi ko kuwa. To ƙanena, ni dai abin da na fahimta, ba mastas ɗin ne damuwarka ba. So kake ka rabu da albashin makarantar kuɗi ka samu aiki mai fansho, ko ba haka ba? In haka ne, ajiye batun mastas tukuna.

Digirinka ba na koyarwa ba ne. A wurin TRCN, hukumar rajistar malamai da dokar 1993 ta kafa, ba ka cikin ƙwararrun malamai ko da shekara goma ka yi kana shan ƙurar alli. PGDE, wato difloma ta koyarwa ga masu digiri, ita ce za ta shigar da kai, kuma yawancin jami'o'i ba za su ma ɗauke ka M.Ed, wato mastas ɗin ilimi, ba sai da ita. Zango biyu ne zuwa uku, da ɗan kundin bincike, da koyarwar gwaji, inda malami zai zo ya zauna a bayan aji, ya karɓi littafin tsara darasinka yana ba ka maki. Ana yin ta a jami'ar Legas (UNILAG) da ke Akoka, da jami'ar jihar Legas (LASU) a Ojo, da jami'ar karatu daga gida (NOUN), da kuma cibiyar horar da malamai ta ƙasa (NTI) mai hedikwata a Kaduna wadda ke da cibiyoyi a jihohi. Amma fa ka duba hanya kafin ka duba suna. Wanda ke tashi aiki ƙarfe uku a Agege ya ce zai kama laccar ƙarfe huɗu a Ojo, gosulon Iyana-Ipaja zuwa Igando kaɗai ya ishe shi. Nemi ta ƙarshen mako ko ta karatu daga gida.

In ka gama sai jarabawar TRCN, a kwamfuta ake yi. Rukuni huɗu ne: D masu NCE, C masu digiri, B masu mastas, A masu dakta. Kai C za ka shiga. Da wannan a hannu sai ka sa ido kan TESCOM, su ke ɗaukar malaman sakandaren jihar Legas. LASUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jihar, na firamare ne, ba layinka ba ne.

Yanzu ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, tiranskirif, wato cikakken sakamakon digirinka da ake nema wajen shiga PGDE ko mastas. Kowace shekara sai an yi wannan kuka a gidan nan. Mutum ya biya kuɗin fom, ya haɗa takardar kammala NYSC, ya haɗa komai, sai a ce jami'arsa ba ta turo cikakken sakamakonsa ba. Kuma ba a hannu ake kawowa ba, ofis zuwa ofis ake turawa. Kana Legas, fayil ɗinka na can Arewa, ka biya ta intanet ka zauna kana jira, alhali babu wanda ya ɗaga shi daga kan tebur. Wani kuma sai an buɗe a tarar makin kwas ɗaya na aji biyu ya ɓace, sai an koma sashe an tono. Wani sunan da ke WAEC ɗinsa daban, na digiri daban, can Muhammad nan Mohammed, sai an je kotu an yi takardar rantsuwa. Kafin a gama an rufe ɗauka. Don Allah ku nema wata uku ko huɗu kafin a fara sayar da fom, ku samu wani a can da zai riƙa zirga-zirga da rasit ɗin. Wallahi abin nan... to, bar shi dai.

Shi mastas yana da ranarsa. A tsarin aikin gwamnati mai NCE mataki na 7 yake farawa, mai digiri na 8, mastas mataki guda yake ƙarawa, ba wani tsalle ba ne. Inda yake da nauyi sosai shi ne in kwalejin ilimi ko jami'a kake hari: a jami'a da mastas ake ɗaukar mataimakin lakcara, kuma ba ka yin nisa sai da dakta. In can ka nufa, yi na koyar da kimiyya, mai cikakken kundin bincike, ka fito da maki mai kyau, don da shi za a auna ka a PhD. Kada ka bi ayarin masu tururuwa fannin gudanar da makarantu don an ce ya fi sauƙi, wannan na mai neman kujerar firinsifal ne ko ofis.

Kuma kada wani ya ruɗe ka da TETFund, hukumar tallafa wa ilimi mai zurfi, malaman manyan makarantun gwamnati take ɗaukar nauyi, malamin sakandare ba ya ciki. In Allah ya sa ka samu aikin gwamnatin, kada ka fara karatu sai ka riƙe takardar izini a rubuce, in ba haka ba ka kawo shaidar a ƙi lissafa ta a ƙarin girma. Wane ajin digiri ka fito da shi ma? Turo mini, don masu aji na uku ba ko'ina ake karɓarsu ba.